Kafin Ka Kai Salansa Wurin Mai Walda

Ƙannena samarin ƙasar Gumel, daga Gagarawa zuwa Maigatari da Sule Tankarkar, maganar salansa nake so mu yi. Yawancinku babur kuke hawa, Boxer ko Jincheng ko roba-roba. Wasu Allah ya buɗa musu a harkar riɗi ko zoɓo ko fataucin dabbobi, sun ɗauko mota daga Kano ko Kwatano, cikinsu har da Marsandin nan mai rubutun Kompressor a bayanta. Wasu kuma a waya suke kallon Range Rover da Dodge suna ruri a titunan Dubai, suna jiran ranar da tasu za ta zo. Duk wanda ƙarfe ya zo hannunsa a cikinku, tunanin farko da ke faɗo masa shi ne a sa shi ya yi kuka, a ji tahowarsa tun daga nesa. Ban ga laifin saurayi don yana son abin hawansa ya yi kyau ya yi ƙarfi ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yanke salansa da ka, a biya kuɗi, a fito da ƙara mai yawa, ƙarfin kuwa bai ƙaru ba, wani lokaci ma ya ragu, injin kuma ya kama hanyar lalacewa. Idan motar mai sufacaja ce, asarar takan ninka, domin irin wannan injin ba ya yafe kuskure.

Sai ka san abin da ke gaban mota kafin ka taɓa abin da ke bayanta. Injin fetur iska yake zuƙa, ya gauraya ta da mai, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi. A tafiya ta yau da kullum, kowane awo ɗaya na mai yana son iska wajen awo 14.7 a nauyi. Saboda haka ƙarfin injin yana rataye ne a kan yawan iskar da zai iya haɗiya. Injin da ba shi da mataimaki iyakarsa abin da fistin ya jawo. Sufacaja kuwa famfo ne da bel ke juyawa daga jikin injin, yana tura iska da ƙarfi ta shiga silinda fiye da yadda za ta shiga da kanta. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga aikin zugazugi ya riga ya fahimci abin: wuta ɗaya ce, gawayi ɗaya ne, amma da aka hura mata iska sai ta yi jan da zai narkar da ƙarfe. Asalin na'urar ma daga can yake. Wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiana ta Amurka, Philander da Francis Roots, sun yi rajistar famfonsu a 1860, aka riƙa hura wa tandunan narka ƙarfe iska da shi. Daga baya aka ɗora shi a kan injin mota, aka nuna motocin Mercedes masu Kompressor a Balin a 1921. Har yau yawancin sufacajar da ke cikin motocin da ke zuwa mana, irin ta kamfanin Eaton, jikokin wancan famfo ne.

Da wannan dabara ƙaramin injin C200 Kompressor na farkon shekarun 2000 yake ba da ƙarfin doki 163. Range Rover mai lita 5.0 tana ba da 510. Dodge Challenger Hellcat da ta fito a 2015 tana ba da 707. Iska mai yawa ta shiga, mai mai yawa ya ƙone, dole hayaƙi mai yawa kuma mai zafi ya fito. Daga nan maganar salansa ta samo tushe, kuma gaskiya ne cewa irin wannan injin yana amfana da hanyar hayaƙi mai yalwa fiye da injin da babu famfo a kansa.

Kada ku haɗa sufacaja da tobo, ko da yake aikinsu ɗaya ne. Tobo hayaƙi ne ke juya shi, yana zaune a kan hanyar hayaƙin, yana cinye wani kaso na ƙarfinsa da ƙararsa kafin ya wuce. Sufacaja babu ruwanta da hayaƙi, bel ke jan ta. Hayaƙin motar mai sufacaja yana fitowa da dukkan ƙararsa, babu abin da ya tare shi sai tukwanen da kamfani ya sa. Tukunyar da ta yi daɗin ji a motar abokinka mai tobo, in ka ɗaura ta a taka, za ka ji abin da ba ka yi zato ba.

Abin da muke kira salansa a dunƙule kashi-kashi ne. Akwai manifol, bututan da ke manne a jikin injin suna karɓar hayaƙi daga kowace silinda. Bayansa akwai matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi. Gabanta da bayanta akwai sensa masu shinshina hayaƙin suna kai wa kwamfutar mota rahoto. Sai ƙaramar tukunya ta tsakiya, sai babbar tukunya ta baya, sai bakin bututun da ake gani. Mafi yawan ƙarar da ake nema a tukunyar baya take. Ƙarfin da ake nema kuwa, in akwai shi, yana can gaba kusa da injin, inda taɓawa ke da tsada da haɗari. Wanda ya canza tukunyar baya kaɗai murya ya saya. Dawakin da zai samu 'yan kaɗan ne, a mota mai ɗaruruwa ba zai ji su a jikinsa ba.

Za ka ce ai ka ji ta ƙara gudu. Kunne ne ya gaya maka, kunne kuma ba ma'auni ba ne a nan. Mutum in ya ji ruri sai zuciyarsa ta ɗauka tafiyar ta ƙaru, ga shi kuma yana ƙara taka totur don ya ji muryar da ya biya wa kuɗi. In kana son gaskiya, auna. Ka samu miƙaƙƙen titi da babu kowa, ka sa wani ya riƙe agogon waya, ka ga daƙiƙa nawa take ɗauka daga gudun kilomita 40 zuwa 80 a giya ɗaya. Ka maimaita bayan an yi aikin, a titin nan, a lokacin nan na yini, da mutanen nan a ciki. Na ce 80 ne domin ita ce iyakar ƙaramar mota a babban titi a dokar hanya ta ƙasar nan, 50 a cikin gari, 100 a kan tagwayen hanya. Ka kuma lissafa litar man da take sha daga Gumel zuwa Kano kafin aiki da bayansa. Waɗannan lambobi biyu sun fi duk surutun gareji.

Maganar faɗin bututu ita ce inda aka fi yin gyaran gangar Auzinawa. Wani makanike zai ce maka injin yana son a ɗan toshe masa hayaƙi, wani zai ce a sa bututun da ya fi kowane girma. Dukkansu sun kauce. Injin ba ya amfana da toshewa. Abin da yake so shi ne hayaƙi ya fita da sauri, domin kowane tunkuɗo na hayaƙi da ya wuce da gudu yana barin ɗan gurbi a bayansa wanda ke jawo na biye da shi. Bututu in ya yi ƙanƙanta, hayaƙi yana cunkushewa lokacin da injin ke juyi da yawa. In ya yi faɗi fiye da kima, hayaƙin yana rage gudu, ya huce, ya yi nauyi, motar ta rasa kuzarin tashi, wanda shi ne kake amfani da shi kullum a cikin gari da cikin yashi. Kada kuma rabin inci ya yi maka kama da ƙaramin abu. Bututu mai inci 3 ya fi mai inci biyu da rabi sarari da kashi 44 cikin ɗari. Marsandi mai silinda huɗu ba ta da hayaƙin da zai cika inci 3. Inci biyu da kwata zuwa biyu da rabi ya wadace ta. Manyan bututai tagwaye na masu silinda takwas ne da ke fitar da ƙarfin doki ɗari biyar zuwa sama.

Lanƙwasa ma abin dubawa ce. Akwai injin da ke lanƙwasa bututu ya bar faɗinsa yadda yake tun daga farko har ƙarshe, akwai kuma lanƙwasar da ke matse shi a gwiwa. Ka sayi bututu mai faɗi, a matse shi a wuri uku, ka koma inda ka fito. Haka nan waldar da aka yi ta ɗigo ciki ta daskare, ko aka yanka bututu aka haɗa shi da kusurwa mai kaifi. Masu waldarmu da yawa gwanaye ne, suna raya motocin haya da kamfani ya daɗe da yafewa. Amma ka tambayi wanda za ka ba aiki ko yana da waldar agon in ƙarfen sitenles ne, ka kuma nemi ganin aikin da ya yi wa wani. Nan ƙasarmu babu gishirin da ake zuba wa titi kamar a Turai, iska kuma busasshiya ce, don haka tsatsa ba ita ce babbar abokiyar gabarmu ba. Abin da ke kashe mana salansa shi ne duka: tudun rage gudu a bakin kowane gari, kwazazzabon damina, da hanyoyin yashi na ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar inda tsakiyar hanya ke tasowa ta goge cikin mota. Duk tukunyar da za ta sauko ƙasa da ta asali, ko da yatsa biyu ne, bar ta a shago. A kuma mayar da robobin da ke rataye salansa da gwiwar nan mai lanƙwasuwa da ke kusa da injin. In aka ɗaure komai ƙam da ƙarfe, girgizar hanya manifol za ta tsaga.

Yanzu indomi, wadda a kanta na fi jin ciwo. A cikin tukunyar nan akwai wani farin dutse mai ƙananan ƙofofi ɗaruruwa a kowane murabba'in inci, an shafe shi da ƙarafa uku masu daraja: filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan ta yi zafi, tana juya gubar da ke cikin hayaƙi ta koma abin da cutarsa ba ta kai ta farko ba. A Amurka tun motocin 1975 aka fara sa ta gadan-gadan. Ƙarafan nan suna da tsadar da ba kowa ya sani ba. A watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya na rodiyam ya kusa dala dubu 30, ya ninka zinariya sau da yawa. Wannan ne ya sa ake da masu saye da ke yawo gareji-gareji suna neman ta. Saboda haka in wani ya ce maka, “Alhaji, a fasa indomin nan motar ta numfasa,” ka tambayi kanka wa zai tafi da garin da aka fasa. Ba duk makanike ne ke da wannan hali ba, akwai masu tsoron Allah da yawa, amma kai ne mai mota, kai ya kamata ka san darajar kayanka. In ma za ka sayi mota 'yar Kwatano ko ta hannu, sa a ɗaga ta a duba ko tukunyar tana da sabuwar walda a cikinta. Motoci da yawa suna isowa hannun mai saye an riga an kwashe.

Lafiyayyar indomi ba ta tauye mota yadda ake faɗa. Wadda ta toshe ita ce matsala, alamarta kuma a fili take: motar ta ƙi hawa gudu, ta yi nishi a kan tudu, ƙasanta ya yi zafi fiye da kima. Amma ba ta toshewa haka kawai. Ko fulogi ne ya mutu ɗanyen mai yana gangarowa yana ƙonewa a cikinta har ta narke, ko injin yana shan baƙin mai, ko gasket ya ƙone ruwa yana shiga. Wanda ya fasa ta bai gyara sanadin ba, ya kashe ɗan aike ne kawai. In ta mutu, a gyara abin da ya kashe ta, a sa wata. Mai neman ƙarin numfashi akwai irin da ake yi mai ƙofofi 200 a murabba'in inci maimakon 400 ko 600 na kamfani. Tana sakin hayaƙi da sauƙi, tana kuma yin wani abu na aikin tacewa. Tana da tsada, jabunta kuma ya fi na gaskiya yawa a kasuwa, sai an bi ta hannun amintacce.

Ga abin da ke biyo bayan fasawa. Sensar da ke bayan indomi za ta ga hayaƙi bai canza ba, ta kai ƙara, wutar cek injin ta kama. In an sa kwamfuta za a ga lambar P0420, ko 'yar'uwarta P0430 a injin mai layi biyu. Sai a ce maka ka manta da ita, ko a liƙe mata baƙin salatif, ko a cire ƙwan. Daga ranar ka rasa mai gargaɗinka. Ran da wata cuta ta gaske ta taso, wutar tana kunne tun tuni, ba za ka san an samu sabon abu ba sai ka ji shi a aljihu. A wasu motocin kwamfuta tana amfani da rahoton sensar bayan wajen daidaita mai, sai shan mai ya rikice. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ban san saurayin da zai ce lita ba ta dame shi ba.

Mafi haɗari shi ne taɓa manifol. Nan ne ake samun ƙarfi na gaske a injin mai sufacaja, in an sa dogayen bututai masu tsawo ɗaya. Har za ka ga agogon matsin iska ya ɗan sauka alhali motar ta ƙara ƙarfi, domin iskar ta daina cunkushewa, tana wucewa. Sai dai an canza numfashin injin ke nan, lissafin da kamfani ya zuba a kwamfuta kuwa na tsohon numfashi ne. A tafiyar hankali kwamfuta tana gyara kanta da rahoton sensa. Idan aka take totur har ƙasa, motoci da yawa, musamman tsofaffi, suna komawa kan jadawalin da aka rubuta musu. Injin mai sufacaja a wannan lokaci yana buƙatar mai fiye da ƙa'idar 14.7, wajen awo ɗaya ga iska goma sha biyu ko ƙasa da haka, domin rarar man ce ke sanyaya silinda. In iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, zafi ya hau, man ya riƙa fashewa kafin lokacinsa. Za ka ji wani ƙyas-ƙyas daga injin, in har sabuwar salansarka ta bar ka ka ji. Ƙarshensa fistin ya huje ko ringi ya karye. Don haka wanda zai canza manifol, ko ya sa wa sufacaja ƙaramin fuli don ta ƙara juyi, dole ya samu wanda ya iya sake lissafin kwamfutar yana kallon ma'aunin mai da iska. In ba ka da irin wannan mutum a hannu, kada ka fara.

Ku tuna kuma inda muke zaune. Waɗannan motoci an yi su ne da sharaɗin fetur mai oktan 95 ko sama, gidajen manmu kuwa fetur kala ɗaya suke sayarwa, ba ka da zaɓi. Mu mutanen kan iyaka mun ma ga abin da ya fi haka. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Maigatari suka koma dogaro da 'yan bumburutu da man galan, wanda ba ka san da me aka gauraya shi ba. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Sufacaja tana matse iska, iska in an matse ta zafi take yi, ta shigo da zafinta ta ƙara wani. Kwamfutar da ke da lafiya in ta ji alamar fashewar nan sai ta ja da baya, ta rage ƙarfi don ta ceci injin. Shi ya sa motarka take da kuzari bayan asuba, da azahar kuma ta yi sanyin jiki. Babu salansar da za ta warkar da wannan. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska cikin 'yan makonni. Ƙurar da ta tsallake kuma kai tsaye cikin famfon take shiga ta cinye shi.

Da ɗana ne ya zo mini da kuɗin salansa a hannu, da na ce ya fara da matatar iska ta ƙwarai, da fulogin da littafin motar ya ambata, da baƙin mai na gaskiya. Ya wanke lagireto, ya zuba ruwan sanyaya injin maimakon ruwan rijiya, ya duba fanka da bel. In Marsandi ce mai injin lita 1.8, ya saurari sarƙar taimin da safe, domin an san ta da saki da cinye haƙora. In Range Rover ce mai lita 5.0, ya duba bututan ruwa na roba da famfon ruwa, su ma an san halinsu. Sannan birki da taya. Tayar Beljiyam da ta shekara takwas, a kan kwalta mai zafi tsakanin Gujungu da Gumel, ita ce ke yanke hukunci, ba ƙarfin doki ba. Shekarar da aka yi taya tana rubuce a gefenta da lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Abin da ya rage bayan wannan, shi ne na salansa.

Akwai kuma lafiyar jikinka. Salansar da aka cire wa tukunyar tsakiya takan yi wani gunji mai nauyi idan injin yana juyi wajen dubu biyu a minti, daidai inda mota ke zama a doguwar tafiya. Minti biyar a cikin gari daɗi ne. Awa biyu zuwa Kano ciwon kai ne, ba ka jin maganar na kusa da kai, mahaifiyarka ba za ta so ka kai ta asibiti a ciki ba. Masana lafiyar ji sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas a yini. Duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu, har a kai 100 inda minti goma sha biyar ya isa. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Wanda ya fi wannan saurin kisa shi ne hayaƙin da ke yoyo a ƙarƙashin kujera daga waldar da ba ta kama ba, ko bututun da aka datse bai kai bayan mota ba. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, jini kuma yana kama ta fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu. Ita ce ke kashe iyali a ɗaki idan an kwana da janareta. Gilashi a rufe, na'urar sanyi a kunne, direba ya fara hamma da jiri, ya ɗauka gajiya ce. Motar da aka fasa wa indomi ta fi fitar da wannan guba nesa ba kusa ba. Faifan ƙarfen nan da ke tsakanin salansa da jikin mota, wanda yara a gareji ke jefarwa don yana kwaramniya, a mayar da shi. Yana kare tankin mai da wayoyi da bututun birki daga zafi. Da rani kuma kada ka ajiye mota mai zafi a kan busasshiyar ciyawa ko kusa da tarin kara da harawa, domin cikinta yana iya tayar da gobara.

Sai haƙƙin mutane, wanda malamanmu ba su gaji da tuna mana ba: haƙƙin maƙwabci da haƙƙin hanya. Garuruwanmu ƙanana ne, da daddare kuma tsit suke, da bazara mutane a tsakar gida suke kwana. Saurayi ɗaya da buɗaɗɗiyar salansa yana iya tayar da unguwa guda, da mai jego da jaririnta, da tsoho mai hawan jini, da ɗalibin kwalejin ilimi ta Gumel da ke da jarrabawa gobe. Ranar Laraba da Alhamis hanyar Maigatari cike take da shanu da raƙuma da dawaki masu zuwa kasuwa. Dabba ba ta san ado ba ne, in ta ji fashewa a bayanta zabura take yi, yaron da ke riƙe da igiya shi ke shan ja, mai babur da ke tahowa shi ke karo. Salansar nan da ake saitawa ta riƙa harbi kamar bindiga, a zamanin da kowa ke kwana da fargaba, ba na jin akwai uzurin da zai wanke mai yin ta. Hukuma ma ba ta yi shiru ba, hukumar NESREA tana da dokar kayyade ƙara tun 2009. Wasan mota da ake yi a bikin aure, wanda ya taso daga manyan birane yana shigo mana, da irin wannan salansa yake tafiya, kuma kowa a cikinku ya san gidan da murna ta koma zaman makoki ta dalilinsa.

Masu babur, kada ku ce wannan zancen masu mota ne. Naku ya fi sauƙin ɓaci, domin Boxer da Jincheng kafireta gare su, babu kwamfutar da za ta gyara kuskure. In ka zare hanjin salansa, iska ta ƙaru, man da jet ke bayarwa yana nan yadda yake. Injin da iska kaɗai ke sanyaya shi sai ya ƙara zafi, bawul ɗin hayaƙi ya fara ƙonewa. Kwance fulogi ka duba bakinsa: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ce, fari fat alamar mai ya yi kaɗan, baƙi mai kunkunniya alamar ya yi yawa. In kana saukowa daga gudu kana jin tas-tas a baya, injin yana gaya maka ƙishirwa yake ji ko akwai yoyo a bakin salansa. Babur ɗin da kake ɗaukar buhun riɗi da shi, kake kai fasinja Gagarawa Tasha, jarinka ne, kuma fasinja mace ko dattijo in suna da zaɓi mai shiru za su tsayar.

Wanda ya cika sharuɗɗan nan duka, motarsa lafiya lau, yana kuma son ta ɗan yi murya, to ya canza daga bayan indomi zuwa ƙarshe kawai. Ya bar manifol da indomi da sensa yadda kamfani ya sa su. Ya bar tukunyar tsakiya. Ya zaɓi tukunyar baya wadda aka yi domin irin motarsa, faɗin bututun kada ya wuce na asali da fiye da kwatan inci ko rabi. In da hali ya nemi mai maɓalli, wadda ake rufewa ta yi shiru a cikin gari. Kafin ya biya a Ƙofar Ruwa ko wurin mai kawowa daga waje, ya nemi mota irin tasa da aka sa wa, ya shiga ciki a yi tafiya da shi, domin sautin da ake ji a waya ba shi ne na cikin mota ba. A wurin aiki ya tsaya da ƙafarsa, a haɗa da ƙulli da kusoshi inda zai yiwu maimakon a narke komai da walda. In an gama a tayar da injin, a toshe bakin bututun da tsumma na ɗan lokaci, a saurari ko akwai inda ke huci. Tsohuwar salansar kuma kada ya bar ta a gareji, ya sa a but ya kai gida ya ajiye, domin dillalan mota a Kano suna rage kuɗin motar da aka yi wa yanke-yanke, kuma ranar sayarwa zai buƙaci mayar da ita.